Dalilin da Ya Sa Ya Kamata a Sauya Tsohuwar Babbar Manhajar Kwamfuta a Ofisoshi da Shagunan Karkara

Tun daga ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya daina aika gyare-gyaren tsaro na kyauta ga kwamfutocin da ke aiki da Windows 10. Wannan al'amari ya shafi ofisoshi da dama a sakatariyoyin ƙananan hukumomi, da ɗakunan adana bayanai na asibitocin karkara, da makarantun sakandare, da kuma shagunan buga takardu inda jama'a ke zuwa domin cike fom ɗin jarrabawa ko neman aiki. An shirya wannan bayani ne domin shugabannin sassa da sauran jama'a su fahimci abin da ya faru, da haɗarin da ke tattare da shi, da kuma matakan da za a iya ɗauka gwargwadon ƙarfin kowane ofis.

Mece ce babbar manhaja?

Kowace kwamfuta tana da manhaja guda ɗaya wadda ita ce ke tashi da zarar an kunna na'urar, kuma a kanta ne sauran manhajoji ke zaune. Ita ce ke karɓar abin da aka buga a allon rubutu, ta nuna shi a fuskar kwamfuta, ta ajiye shi a faifan ajiya, ta aika shi zuwa firinta, ta kuma buɗe wa na'urar hanyar shiga intanet. Wannan ita ake kira babbar manhaja. Manhajar rubuta wasiƙa da ta lissafin albashi duk baƙi ne a gidanta. A ƙasar nan mafi yawan kwamfutocin ofis suna aiki ne da Windows, wadda ta fito iri-iri a tsawon shekaru: Windows XP a 2001, Windows 7 a 2009, Windows 10 a 2015, sai Windows 11 a 2021.

Kowace daga cikinsu tana da wa'adi. Kamfanin ya janye hannunsa daga Windows XP a ranar 8 ga Afrilu, 2014, daga Windows 7 a ranar 14 ga Janairu, 2020, daga Windows 8.1 kuma a ranar 10 ga Janairu, 2023. Cikar wa'adi ba ta nufin kwamfutar za ta mutu. Za ta ci gaba da tashi, ta buga wasiƙa, ta fitar da takarda kamar jiya. Wannan ne ma ya sa mutane da yawa ba sa ɗaukar maganar da muhimmanci, domin idanunsu ba su ga wani abu ya sauya ba. Abin da ya sauya yana can ciki.

Yadda kafar tsaro ke buɗewa

Babbar manhaja rubutu ne mai ɗimbin yawa da dubban mutane suka haɗu suka yi, saboda haka ba a rasa kurakurai a cikinta. Wasu kurakuran ba sa cutar da kowa. Wasu kuwa suna zama kafa da ɓarawo zai iya bi ya shiga kwamfuta daga nesa. Idan aka gano irin wannan kafa, kamfanin yakan rubuta gyara, wato faci, ya aika wa kwamfutoci ta intanet. Microsoft ya saba fitar da irin waɗannan faci ne a ranar Talata ta biyu ta kowane wata.

A nan ne ya kamata mai karatu ya ɗan dakata, domin nan ne asalin haɗarin yake. Sababbin Windows ba daga sama suka faɗo ba. An gina su ne a kan harsashin tsofaffin, kuma sassa da yawa na rubutunsu ɗaya ne. To, duk lokacin da aka fitar da faci domin Windows 11, masu kutse sukan zauna su yi nazarinsa, su gano ainihin wurin da aka toshe. Daga nan sai su duba ko wannan kafa tana nan a Windows 7 ko Windows 10. Sau da yawa tana nan, kuma babu mai zuwa ya toshe ta. Ke nan gyaran da ya kare sabuwar kwamfuta shi ne kuma ya nuna wa ɓarawo hanyar shiga tsohuwa. Kafofin kuma taruwa suke yi wata bayan wata. Kwamfutar da ke kan Windows 7 a yau ta shafe fiye da shekara biyar ba ta samun facin wata-wata na kyauta, wadda ke kan XP kuwa ta haura shekara goma.

Wasu jami'ai sukan ce ai sun sa manhajar riga-kafi, saboda haka babu damuwa. Manhajar riga-kafi tana da amfani, amma aikinta irin na maigadi ne da ke duba masu shigowa ta ƙofa. Idan katangar baya ta faɗi, tsayuwarsa a ƙofa ba ta wadatar ba. Har ila yau, kamfanonin da ke yin sauran manhajoji su ma sukan janye daga tsohuwar babbar manhaja. Burauzar Chrome, wadda yawancin mutane ke shiga intanet da ita, ta daina sabuntuwa a kan Windows XP tun 2016, a kan Windows 7 kuma tun farkon 2023. Wanda ke buɗe shafin banki ko shafin biyan kuɗin gwamnati da irin wannan tsohuwar burauza, yana aiki ne da abubuwa biyu da aka yi watsi da su a lokaci guda. Kazalika manhajojin ofis na Office 2016 da Office 2019 su ma wa'adinsu ya cika a rana ɗaya da Windows 10.

Abin da ya faru a 2017

A ranar Juma'a 12 ga Mayu, 2017, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe kimanin 150, ta kama kwamfutoci sama da 200,000. Yadda take aiki shi ne ta kulle duk takardun da ke cikin kwamfuta, sannan ta fito da sanarwa cewa sai an biya dala 300 ta hanyar kuɗin intanet na Bitcoin kafin a buɗe su. Garkuwa da bayanai ke nan domin neman kuɗin fansa. Abin da ya sa ta yi saurin yaɗuwa shi ne ba ta buƙatar wani ya danna komai. Da zarar ta shiga kwamfuta ɗaya a ofis, sai ta bi wayoyin da suka haɗa ta da sauran ta kama su da kanta.

A Ingila, hukumar kiwon lafiya ta ƙasa ta ji jiki ƙwarai. An soke ganin likita da ayyukan tiyata kimanin 19,000, wasu asibitoci suka riƙa juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wasu wurare, ma'aikata kuma suka koma biro da takarda. Daga baya ma'aikatar lafiya ta ƙasar ta ƙiyasta asarar a kan fam miliyan 92. A Faransa, kamfanin ƙera motoci na Renault ya dakatar da aiki a wasu masana'antunsa.

Akwai abu guda a wannan labari da ba a cika faɗa ba, alhali ya fi komai dacewa da halin da ofisoshinmu ke ciki. Microsoft ya riga ya fitar da facin wannan kafa tun ranar 14 ga Maris na shekarar, wato kusan wata biyu kafin harin. Kuma mafi yawan kwamfutocin da aka kama suna kan Windows 7 ne, wadda a lokacin wa'adinta bai cika ba. Facin yana nan, ba a dai sa shi ba. Masu Windows XP kuwa ba su da facin ma baki ɗaya, sai da abin ya faru kamfanin ya fitar musu da na gaggawa. Saboda haka matsalar fuska biyu gare ta. Tsohuwar manhaja ba ta samun gyara, sabuwar da aka hana ta sabuntuwa kuwa daidai take da tsohuwa. A wurarenmu, inda ake yawan kashe sabuntawa domin kada ta cinye data, wannan fuska ta biyu ita ce ta fi yawa.

Me ɓarawo zai samu a kwamfutar ƙauye?

Wannan tambaya ce da ake yawan yi, kuma tana da amsa. Da farko dai, yawancin irin waɗannan hare-hare ba mutum ne ke zaune yana zaɓen wanda zai kai wa ba. Manhajoji ne ke kewaya intanet dare da rana suna gwada kowace kwamfuta, ba ruwansu da ko tana Landan ko tana ƙauyen da ba shi da kwalta. Na biyu, abin da ke cikin kwamfutocin karkara ba ƙarami ba ne. A sashen kuɗi na ƙaramar hukuma akwai jerin albashi da sunayen ma'aikata da lambobin asusunsu na banki. A sashen noma akwai sunayen manoman da suka yi rajistar taki da lambobin wayarsu. A asibiti akwai bayanan marasa lafiya, waɗanda wasunsu mai su ba zai so ko ɗan'uwansa ya gani ba. A shagon buga takardu kuwa, idan aka buɗe kwamfutar za a tarar da hotunan fasfo, da katunan shaidar ɗan ƙasa masu lambar NIN, da takardun sakamakon jarrabawa na mutane ɗaruruwa, waɗanda aka ɗauka da sikana aka bari a nan ba a goge ba.

Da irin waɗannan bayanai ne 'yan damfara ke kiran mutum a waya, su faɗa masa cikakken sunansa da bankinsa da ranar haihuwarsa, har ya saki jiki ya ba su lambar sirrinsa. Manomin da aka kwashe wa kuɗin amfanin gona ta wannan hanya ba zai taɓa sanin daga wace kwamfuta bayanansa suka fita ba.

Akwai kuma batun doka. A watan Yuni na 2023 aka sanya hannu a kan dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa. Dokar ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane, gwamnati ko ɗan kasuwa, alhakin ɗaukar matakan da suka dace domin kare su. Ta kuma wajabta sanar da hukumar cikin sa'o'i 72 idan aka gano an yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Shugaban sashen da aka saci bayanai daga kwamfutar ofishinsa zai sha wuyar bayyana dalilin da ya sa aka bar ta a kan manhajar da wa'adinta ya cika tun 2020.

Hanyoyin da ake da su

Matakin farko shi ne a san abin da ake da shi. A kowace kwamfuta mai Windows, idan aka danna maɓallin da ke da tambarin Windows tare da harafin R, aka rubuta winver a ɗan akwatin da ya fito, za ta nuna irin Windows da ke cikinta. Ya dace kowane ofis ya rubuta wannan a littafin kayan gwamnati, tare da aikin da kowace kwamfuta ke yi da kuma ko tana shiga intanet.

Ga kwamfutar da ke kan Windows 10 mai lasisi na gaskiya, komawa Windows 11 kyauta ne, muddin na'urar ta cika sharuɗɗa. Ana buƙatar ƙwaƙwalwar aiki ta aƙalla gigabait 4, da wurin ajiya na gigabait 64, da wani ɗan ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0, sannan injin sarrafawa ya kasance cikin waɗanda kamfanin ya amince da su, wanda ga na Intel galibi yana nufin zubi na takwas zuwa sama. Microsoft yana da wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna PC Health Check da ke duba duk waɗannan ta ba da amsa. Gaskiyar magana ita ce yawancin kwamfutocin gwanjo da aka shigo da su shekarun baya za su faɗi wannan gwaji, domin waɗanda aka ƙera kafin 2018 kaɗan ne ke hayewa. Masu gyara sun san dabarun tsallake sharuɗɗan, kuma sukan yi wa mutane haka a kasuwa. Sai dai kamfanin ya bayyana cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da aika wa irin waɗannan kwamfutoci gyara ba. Mutum zai iya yin wannan kasada da kwamfutarsa ta gida. Ofishin da ke riƙe da albashin ma'aikata bai kamata ya yi ba.

Masu Windows 7 da 8 su lura cewa ƙofar hawa kyauta da aka daɗe da bar musu an rufe ta a watan Satumba na 2023.

Ga wanda na'urarsa ba za ta ɗauki Windows 11 ba, Microsoft ya fito da shirin ƙarin wa'adi na Windows 10. Yadda ya sanar a 2025, kwamfutocin gida da suka yi rajista za su samu gyaran tsaro zuwa 13 ga Oktoba, 2026. Hukumomi da kamfanoni kuwa suna iya saye har na shekara uku, a kan dala 61 ga kowace kwamfuta a shekarar farko, kuma farashin yana ninkawa kowace shekara. Idan aka yi lissafi, shekara ukun sun kama dala 427, kuɗin da ya kai a yi tunanin sayen wata na'urar. Amfanin shirin bai wuce ba ofis lokacin da zai sa sayen sababbin kwamfutoci a kasafin kuɗinsa ba.

Hanya ta uku, wadda a ganin mai wannan rubutu ba a ba ta haƙƙinta a ofisoshinmu, ita ce komawa Linux. Wannan babbar manhaja ce ta kyauta wadda ba ta buƙatar lasisi, tana kuma tafiya lafiya a kan na'urorin da Windows 11 ta ƙi. Tana da ire-ire, kuma waɗanda suka fi sauƙi ga sabon shiga su ne Ubuntu da Linux Mint. Ubuntu na fitar da zubi mai dogon wa'adi duk bayan shekara biyu, kowanne da gyaran tsaro na shekara biyar. Wanda ya fito a Afrilun 2024 zai kai 2029. Akwai LibreOffice a ciki, wadda ke buɗe takardun Word da Excel. Ga kwamfutar da aikinta bai wuce rubuta wasiƙa da shiga intanet ba, kamar ta ɗakin karatu na makaranta, wannan ya isa. Amma kada a yi gaggawa. Wasu manhajojin lissafi da na rajista Windows kaɗai suka sani, wasu firintoci ba sa aiki sai da wahala, takardar Word mai jadawali da yawa takan ɗan karkace, sannan ba kowane gari ne ke da mai gyaran da ya iya Linux ba. A fara gwadawa da kwamfuta ɗaya tukuna.

Sai kuma maganar Windows ta jabu, wadda ba a son yi amma kowa ya san da ita. Kwamfutoci da yawa an ɗora musu Windows ne daga filashin mai gyara, aka buɗe ta da wata manhajar fasa lasisi da aka sauko da ita daga shafin da ba a san mai shi ba. Irin waɗannan manhajoji sukan nemi a kashe riga-kafi kafin su yi aiki, kuma sananniyar hanya ce ta cusa wa kwamfuta abin leƙen asiri. Ofishin da ya cire tsohuwar Windows ya ɗora sabuwa ta wannan hanya bai ƙaru da komai ba. Duk kwangilar sayen kwamfuta ya kamata ta ƙunshi sharaɗin lasisi na gaskiya, a kuma duba shi kafin ma'aji ya biya.

Ranar sauyawa

Kafin a taɓa komai, a kwafe dukkan takardu zuwa faifan ajiya na waje, kuma ya fi kyau a yi kwafi biyu. Bayan an kwafa, a kai faifan wata kwamfutar a buɗe wasu takardun domin a tabbatar sun kwafu da gaske. A bincike shi da manhajar riga-kafi, domin ƙwayar cutar da ke ɓoye takardu a filashi ta bar gajerun hanyoyi a madadinsu, wadda ta addabi shagunan buga takardu shekara da shekaru, takan bi kwafin ta koma sabuwar manhaja. A rubuta sunayen manhajojin da ake amfani da su da lambobin lasisinsu, da kalmomin sirri na imel.

Ofisoshin da ke rubutu da Hausa suna da wani ƙarin abin lura. Takardu da yawa na shekarun baya an buga su ne da salon haruffa na musamman, irin su Rabi'at da Abdalla waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, domin a fitar da ɓ da ɗ da ƙ. Idan ba a kwafi waɗannan salon haruffa an ɗora a sabuwar kwamfuta ba, haruffan masu lanƙwasa za su rikiɗe su zama wasu alamomi dabam. Ga sabon rubutu kuwa, Windows tana ɗauke da tsarin allon rubutu na Hausa, sai dai a zaɓe shi a wurin saita harshe.

Kada a fara aikin sai an tabbatar da wuta. Ɗaukewar wuta a tsakiyar ɗora manhaja takan bar kwamfuta ba tsohuwa ba sabuwa. A tanadi man janareta ko a yi aikin inda ake da sola, kwamfutar tafi-da-gidanka kuma a cika batirinta. Saukar da Windows 11 na cin data fiye da gigabait 5, don haka ya fi sauƙi a sauke ta sau ɗaya daga shafin Microsoft a hedikwatar ƙaramar hukuma, a ɗora a filashi mai gigabait 8 ko fiye, a zagaya da shi. Idan sabuwar Windows ta kulle faifan ajiya da tsarin BitLocker, akwai lambar ceto mai tsawo da ke tare da shi. A buga ta a takarda a ajiye a akwatin ƙarfe na ofis, domin idan na'urar ta samu matsala babu lambar, takardun sun tafi. Bayan an gama, a bar sabuntawa a kunne, a kuma sa kuɗin data na wata-wata cikin kuɗin tafiyar da ofis.

Za a tarar da wasu kwamfutocin da ba za a iya sauya su nan take ba, misali wadda ke haɗe da na'urar gwaji a ɗakin awo na asibiti, ko wadda ke ɗauke da tsohuwar manhajar da kamfanin da ya yi ta ya daina aiki. Irin wannan a cire ta daga intanet da wayoyin ofis baki ɗaya, a ware mata filashi guda wanda ba a kai shi ko'ina sai an bincike shi, a kuma hana ma'aikata cajin waya a jikinta.

Kwamfutocin da aka yanke shawarar yin gwanjonsu ko ba da su kyauta ga makarantu, kada su bar ofis da faifan ajiyarsu yadda yake. Goge takarda da hannu ba ya cire ta daga faifai, kuma akwai manhajoji na kyauta da ke dawo da abin da aka goge cikin mintuna. Jami'in kula da kwamfutoci ya share faifan da manhajar da ke rubuta wani abu a kan dukkan tsohon rubutun, ko kuma a cire faifan a lalata shi a gaban shugaban sashe, a rubuta lambar na'urar da ranar da aka yi hakan a littafin kayan gwamnati kafin a miƙa ta ga kwamitin gwanjo.